Bayani Kafin Allura: Zafi da Zato a Gwaje-gwajen Mai Juna Biyu

Laccar da aka gabatar a Madarunfa, jihar Maraɗi

 

Batun da aka ɗora mini shi ne gwaje-gwajen da ake yi wa mai juna biyu: zafin da ke cikinsu, da abin da mace ke zato kafin ta miƙa hannu. Matsayata guda ce, zan kuma faɗe ta tun yanzu domin ku auna hujjojina da ita. Zafin da ke cikin yawancin waɗannan gwaje-gwaje kaɗan ne, kuma gajere. Abin da ke kumbura shi, har ya hana mace komawa awo, shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ta zata da abin da ta tarar. Saboda haka bayani na gaskiya kafin a taɓa jikinta wani ɓangare ne na gwajin kansa, matsayinsa ɗaya da tsabtar allura. Ma'aikacin da ya ɗebi jini bai yi bayani ba, rabin aikinsa ya yi.

Mu fara da alƙaluma. Babban binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa mata 83 cikin 100 sun je awon ciki aƙalla sau ɗaya, amma kusan 33 ne kawai suka kai zuwa huɗu. A lokacin mace ɗaya na haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaicin lissafi, jihar Maraɗi ma ta haura haka, kuma iyaye mata 535 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Tun 2006 hukuma ta ce awon ciki kyauta ne, haka ma jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga ma'auni daga zuwa huɗu ta mai da shi takwas, na farko kafin ciki ya wuce mako 12, tare da hoton ciki sau ɗaya kafin mako 24. To, rabin matan nan da suka zo sau ɗaya zuwa uku suka ɗauke ƙafa, me ya tare su? Kowa a nan ya san wasu dalilan: nisan hanya daga ƙauyukan Gabi ko Safo, gulbi idan ya kawo da damina, aikin gona, kuɗin kabu-kabu, yankewar magani, da jiran izinin maigida. Ban raina ko ɗaya ba. Sai dai macen da ta zo sau ɗaya ta riga ta san hanya, ta riga ta sami izini. Abin da idonta ya gani da abin da kunnenta ya ji a zuwan farko yana cikin abubuwan da ke yanke mata shawarar zuwa na biyu, kuma cikin duk dalilan nan shi ne wanda gyaransa ba ya jiran kuɗi ko mota.

Me ake yi wa mace a awo, kuma me take ji? Ana ɗaura mata abin awon hawan jini a damtse, ya matse ɗan lokaci ya saki. Idan ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20, aka kuma ga furotin a fitsari, to alama ce ta ciwon da ke kai mace ga jijjiga. Gwajin fitsari ba shi da zafi ko kaɗan. Ana tsira yatsa, ko a ɗebi jini a jijiyar hannu: tsini ne na ƴan daƙiƙoƙi, wani lokaci wurin ya yi ɗan duhu kwana biyu. Da wannan jinin ake gane ƙarancin jini, da rukunin jini, da masassarar cizon sauro, da tunjere, da ciwon hanta, da ƙwayar cutar sida. Abin da ake ɗiba a kwalba ɗaya bai wuce cikin ƙaramin cokali ba, alhali jikin mace na ɗauke da lita huɗu zuwa biyar, ciki kuma ƙara shi yake yi. Wannan ya isa amsa ga masu cewa ɗiban jini ke ƙarar da jinin mai ciki. Hoton ciki, wato eko, sauti ne ake turawa ya dawo da hoto. Babu allura a cikinsa, sai sanyin man da ake shafawa, da danna mara, da matsuwar fitsari idan an ce a sha ruwa a riƙe. Wanda ya fi yi wa mata nauyi shi ne duba ta ƙasa, wanda nauyinsa rabi ciwo ne rabi kunya, kuma idan mace ta tsorata ta ɗaure jiki, ciwon ƙaruwa yake yi. Akwai kuma mai zafi na gaske, bai kamata a ɓoye ba: allurar fenisilin da ake yi wa wadda aka samu da tunjere tana da kauri, tana da raɗaɗi, wurin yakan yi tsami kwana ɗaya ko biyu. Amma ita ke tsare ɗan tayi daga mutuwa a ciki ko zuwa duniya da cutar.

Domin mu auna maganar zato da kyau, mu ɗauki gwajin da ya fi kowanne ban tsoro a ido, wanda likitoci ke kira amniyosentesis. Ana soka doguwar allura siririya ta fatar ciki har cikin mahaifa, ana kallon tafiyarta a eko, a zuƙo mililita 15 zuwa 20 na ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki. Daga mako 15 ake yin sa. Yana da ɗan uwa da ake yi tsakanin mako 11 da 14, inda ake gutsuro ɗan ƙanƙanin abu daga mabiyiya. Da su ake tabbatar da cututtukan gado irin su amosanin jini, wato sikila, wanda tun 1978 masana biyu, Kan da Dozy, suka nuna a Amurka cewa ana iya gane shi daga ruwan mahaifa. Gwaji ne da ba kowace mace ake yi wa ba, kuma sai manyan cibiyoyi, irin cibiyar sikila ta Legas. Na kawo shi ne domin an yi nazarin zafinsa sosai, kuma darasin ya shafe mu. Wani bincike da Ferber da abokan aiki suka wallafa a 2002 ya tambayi mata kafin allurar, ya sake tambayarsu bayanta: zafin da suka ji bai kai wanda suka zata ba. Bincike-binciken da suka biyo baya sun ga haka, sun kuma ga cewa wadda ta fi fargaba ita ta fi jin ciwo. Mafi yawa suna cewa tsini ne a fata, sai murɗa irin ta al'ada lokacin da allurar ta ratsa mahaifa, na minti ɗaya ko biyu. A 2011 ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta duba ko allurar kashe zafi a fata na rage wannan ciwon, ba ta ga hujjar haka ba.

Idan maganin kashe zafi bai yi tasiri ba, me ke yi? Abin da aka faɗa wa mace. A 2010 aka wallafa wani gwaji da likitoci suka yi a birnin Boston, inda suka kasa mata 140 da ake shirin yi wa allurar baya domin haihuwa gida biyu. Allura ɗaya ce, magani ɗaya ne. Rabi aka ce musu za su ji harbi mai tsanani irin na ƙudan zuma, kuma nan ne wurin da ya fi wuya. Sauran rabin aka ce musu za a sa maganin da zai kashe wurin domin su sami sauƙi. A ma'aunin ciwo na 0 zuwa 10, na farko suka tsaya a 5, na biyu a 3. Dalili kuwa, ciwo ba a fata kaɗai ake jin sa ba. Jijiya ke kai saƙo, ƙwaƙwalwa ke yanke masa girma, tsoro kuma yana ƙara masa. Ƙayar da ta soke ka cikin duhu ta fi tayar da hankali a kan wadda ka taka da rana, domin cikin duhu ba ka san ko kunama ce ba. Sai dai kada wani ya fahimci cewa mafita ita ce a ce wa mace “ba zafi.” Idan aka ce ba zafi ta kuma ji zafi, abin da ta koya shi ne mai farar riga ba ya faɗin gaskiya, kuma ranar da aka ce mata jininta ya hau, ta wuce Maraɗi yau, da wannan ma'aunin za ta auna maganar. Kuskure biyu ne ke nan, firgitarwa da yaudara, hanyar tsira kuma tana tsakaninsu: “Ƙanwata, zan ɗebi jini kaɗan a nan domin mu ga ko jininki ya isa. Za ki ji tsini, kafin ki ƙirga goma an gama. In kin ji abin da ya fi haka, ki gaya mini in tsaya.”

Zato bai tsaya ga zafi ba, ya kai har ga sakamako, kuma a nan ne raunin ya fi daɗewa. Da yawa suna zuwa eko da tunanin na'ura ce mai ganin komai. Eko na nuna ko ɗan tayi na da rai, ko tagwaye ne, yadda ya kwanta, inda mabiyiya ta zauna, da wasu manyan nakasun halitta. A watanni ukun farko yana ƙiyasta kwanakin ciki da kuskuren da bai wuce mako guda ba, amma a watannin ƙarshe kuskuren na iya kai mako uku. Don haka ranar haihuwa da aka rubuta a karne, wato katin awo, ƙiyasi ce. Ba ya ganin amosanin jini, ba ya ganin kowane lahani, kuma yana iya kuskure a kan namiji ne ko mace. Mabiyiyar da aka gani a ƙasa a mako 20 sau da yawa takan hau sama yayin da mahaifa ke girma, shi ya sa ake cewa a sake dubawa wajen mako 32; macen da ba a yi wa wannan bayani ba wata uku za ta yi ba barci. Haka gwajin sida na gaggawa: idan ya nuna alama, sai an tabbatar da wani gwajin kafin a yanke hukunci. Haka kuma lissafin sikila. Idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon ciwon ba tare da suna fama da shi ba, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon kansa, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki. Haihuwar mai ciwo ɗaya ba ta nufin ukun da ke tafe sun tsira. Macen da aka bari ta yi zaton na'ura ta ba ta tabbaci, ranar da abin ya saɓa ba za ta ce na'ura na da iyaka ba, cewa za ta yi an cuce ta.

Yanzu ga masu ja. Na farko zai ce: matanmu ba ragwaye ba ne, mace na naƙudar fari ba a ji ko tarinta ba, wane ne zai ce tsinin allura ya dame ta? Gaskiya ne dauriya abin yabo ce a wurinmu, kuma ana koya wa yarinya tun kafin ta tafi goyon ciki cewa kuka a naƙuda abin gori ne. Amma wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Shirun mace ba ya nuna ba ta ji ba. Yana nuna ba za ta faɗa ba. Yarinya mai cikin fari, wadda ko sunan cikin ba ta iya ambata gaban uwar mijinta, ba za ta ɗaga kai ta tambayi ungozoma me ya sa ake ɗibar jininta ba. Za ta haɗiye tambayar ta kai ta bakin rijiya, inda za a ba ta amsa da jita-jita. Inda kunya ta ɗaure bakin mara lafiya, nauyin fara magana ya koma kan ma'aikaci gaba ɗaya. Kuma kunyar nan tana da haƙƙi: labule, zane a rufe jiki, neman izini kafin a taɓa, da mace ta duba mace duk inda hali ya samu.

Na biyu shi ne ma'aikacin lafiya, kuma ƙorafinsa na da nauyi. Zai ce: ranar awo layi har waje, ungozoma ɗaya ce, ga cike takardu, ga lokacin masassara da ɗakunan lafiya na Madarunfa da Ɗan Isa ke cika har da masu zuwa daga ƙetaren iyaka, ina lokacin hira? Ƙarancin ma'aikata gaskiya ne, kuma alhakinsa na kan masu rabon ma'aikata da kasafi. Amma bayanin da na kawo ɗazu bai kai rabin minti ba, kuma ana yin sa ne hannu na ɗaura igiya a damtse. Abin da ya fi tsawo ana iya faɗa wa mata gaba ɗaya a rumfar jira kafin a fara. Macen da ta saki jiki ta fi saurin dubawa, jijiyarta ta fi sauƙin samu. Wadda ta fizge hannu sai an soka sau biyu. Sannan ba duka matsalar ce ta lokaci ba. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda ya fito a 2003, ya nuna yadda rashin gaisuwa, tsawa, da fifita wanda aka sani a kan baƙo suka zama ruwan dare a ɗakunan lafiya. Sallama da “sannu, Inna” ba sa cin lokaci. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa ta musamman cewa wulaƙanta mace a wurin haihuwa tauye haƙƙi ne, kuma yana korar mata daga asibiti.

Na uku zai ce: in ka faɗi haɗari ka kori mutane, gara a yi shiru. Mu koma ga allurar ruwan mahaifa, domin ita ce mai haɗari na gaske. Wani babban gwaji da aka yi a Danmak kan mata fiye da 4,600, wanda ya fito a 1986, ya ga ƙarin ɓari na kusan ɗaya cikin 100. Da eko ya inganta, hannu kuma ya ƙware, ƙiyasin yau ya sauka ƙasa da ɗaya cikin 200. Ana iya faɗin wannan ta hanyar da ke firgitarwa, ana kuma iya cewa: cikin mata 200, fiye da 199 ba sa rasa cikin saboda allurar, ki sa ran ɗan murɗa na yini ɗaya ko biyu, amma in kin ga ruwa na zuba, ko jini, ko zazzaɓi, ki dawo nan take. Duka gaskiya ne, amma ta biyun ta ba mace abin yi. Ɓoye haɗari ba ya kawar da shi, sai dai ya hana ta gane alamarsa. Kuma jikin nata ne, cikin nata ne. Tana da damar cewa a'a bayan ta ji, ba tare da an hukunta ta da fushi ba.

Na huɗu zai zo ta fuskar addini: abin da ke cikin mahaifa sanin Allah ne, kuma in an gano ciwon da ba ya warkewa, me sanin ya ƙara ban da baƙin ciki? Malamanmu na nan, sun fi ni sanin cewa neman magani ba ya kore tawakkali. Eko ba ya faɗin ajali, ba ya faɗin arziki, ba ya faɗin ko yaro zai zama na kirki. Abin da Allah ya riga ya halitta yake nunawa. Ungozomomin gargajiya sun daɗe suna shafa ciki su ce ɗa ya gicciye, ba wanda ya kira haka duba. Mazhabar Malikiyya da muke bi tana da tsanani a kan zubar da ciki, kuma ba kiran da na zo yi ke nan ba. Yawancin abin da gwaji ke ganowa yana da magani ko shiri. Mai ɗauke da ƙwayar sida, in ba magani, tana iya sa wa ɗanta da yiwuwar 15 zuwa 45 cikin 100. Da magani ya sauka ƙasa da 5. Wadda rukunin jininta bai dace da na ɗanta ba akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa, ta tsare cikin da ke tafe. Wadda mabiyiya ta tare wa hanya, ko ɗa ya gicciye, za ta tare kusa da Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Maraɗi tun naƙuda ba ta fara ba, maimakon kwana biyu a ɗaki. Duk wanda ya san cibiyar yoyon fitsari ta Danja, da aka buɗe a 2012, ya san ƙarshen doguwar naƙuda. Jaririn da aka san SS ne tun da wuri ana fara masa fenisilin, da rigakafi, da kariyar sauro kafin ciwo ya kayar da shi. Gwajin sikila mafi sauƙi kuwa shi ne na kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024.

Saura magidanta. Mace na dawowa daga awo da karne a hannu, da magana a rai, kuma sau da yawa ba ita ke yanke shawarar tafiya Maraɗi ko sayen magani ba. Idan sakamako ya fito da tunjere ko ciwon hanta, ba ciwon kanta take tsoro ba kamar zargi, da gorin kishiya, da takardar saki. Tunjere kuwa in an yi wa mata magani ba a yi wa miji ba, dawowa yake yi. Makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram, suka kuma bazu zuwa wasu jihohi, an gina su ne a kan fahimtar cewa maigida in ya gane, shi ke cewa a tashi a tafi. Don haka bayanin da nake kira gare shi ya kamata ya kai zaure da masallaci, da sharaɗi guda: sakamakon mace sirrinta ne, da yardarta ake sanar da wani, ko da mijinta ne.

Kirana ke nan. Ƴan uwana ma'aikatan lafiya, kafin kowane gwaji ku faɗi abu huɗu: me za a yi, don me, me za ta ji, da yaushe sakamako zai fito, bayan ya fito kuma ku faɗi abin da ya nuna da abin da ba zai iya nunawa ba. Shugabannin lafiya na gunduma da makarantun horar da ungozomomi, ku sa wannan cikin abin da ake koyarwa, ake kuma dubawa lokacin zagaye, tare da labule a kowane ɗakin awo. Iyaye mata da surukai, ku daina ba ƴan mata labarin firgita, ku raka su. Magidanta, ku karɓi karne ku tambaya, ku kuma miƙa naku hannun a gwada. Ke kuma mai juna biyu, tambaya haƙƙinki ce, ba rashin kunya ba ce. In ba a yi miki bayani ba, ki ce a yi kafin a taɓa ki. Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a haifa.